Hatsarin mota ya auku: me zan fara yi kafin taimako ya iso?

"Assalamu alaikum Likita. Kwanakin baya wata mota ta buge tawa ta gefe a mahaɗar hanya, ina tare da ƙanena a kujerar gaba. Dukanmu da ƙafafunmu muka fito. Ni hankalina gaba ɗaya ya tafi kan motar da direban da ya buge mu, muka tsaya cacar baki a tsakiyar titi kusan awa guda. Ƙanena ya ce ba abin da ya same shi, kansa ne kawai ya bugi gilashin ƙofa, wani ma ya ba shi ruwa ya sha. Da daddare ya fara amai da surutai marasa kan gado, muka kai shi asibiti aka ce jini ne ya taru a cikin kansa, sai da aka yi masa tiyata. Alhamdulillahi yana samun sauƙi, amma abin ya tsaya mini a rai. Don Allah me ya kamata mutum ya yi da zarar hatsari ya auku, ko shi abin ya shafa ko wucewa ya zo yi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya sanyaya maka zuciya. Tambayarka fuska biyu gare ta: me mutum zai yi idan shi ne a cikin motar, me kuma zai yi idan tafiya ce ta kawo shi ya tarar. Amsar guda ce, domin abin da ake bi daki-daki ba ya sauyawa. Sai dai wanda ke cikin motar zai fara duba jikinsa kafin ya taɓa wani.

A sashen gaggawa na asibiti nake aiki, inda ake sauke waɗanda hatsari ya rutsa da su, don haka abin da na fi gani shi ne sakamakon abin da aka yi, ko aka bari, a bakin titi. Ina so ka sani tun daga farko cewa abin da ka yi ranar shi akasarin mutane ke yi. Da zarar an yi karo, jiki yana sakin wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini. Zuciya ta hau bugu, jin zafi ya ragu, hankali ya tattaru wuri guda, galibi kan abin da ido ke gani: ƙofar da ta lotse da mutumin da ya lotsa ta. Sinadarin nan ne ya tsayar da kai cacar baki, shi ne kuma ya sa ƙanenka ya ce lafiyarsa ƙalau. Ba ƙarya ya yi maka ba, haka yake ji a lokacin. Shi ya sa ake son mutum ya san abin da zai yi tun yana zaune lafiya, don a wurin hatsari ba a samun natsuwar tsara tunani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna jin rauni, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wasu nan take suke cikawa, ba abin da ɗan Adam zai iya yi musu. Amma da yawa sai a mintuna ko sa'o'in da suka biyo baya suke tafiya, kuma dalilan ba su da yawa: wata motar ta zo ta afka wa wurin, hanyar numfashi ta toshe, jini ya tsiyaye, ko an makara kai su asibitin da ya dace. Duk waɗannan, mai hannu biyu da natsuwa yana iya taɓuka wani abu a kansu. Ita kuwa mota, da wa ke da laifi, da wa zai biya gyara, za su jira har gobe.

Wurin tukuna, kafin mutanen

Ka tsaya. Wannan doka ce kusan a ko'ina. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Biyana na Ostiriya a 1968, wadda ƙasashe da dama suka ɗora dokokinsu a kanta, ta wajabta wa direban da hatsari ya shafa ya tsaya da zarar zai iya ba tare da ya jawo wani haɗarin ba, ya kiyaye wurin, ya kuma sanar da 'yan sanda idan an rasa rai ko an ji mummunan rauni. Kashe injin, ja hambirki, kunna hazad. Sai ka ja numfashi ka duba kanka: motsa yatsun hannu da na ƙafa, shafa kanka ka dubi tafin hannunka ko akwai jini, ka saurari wuyanka. Idan wuyan yana ciwo sosai, ko ka ji hannu ko ƙafa ta mutu, zauna inda kake ka ba wani umarnin sauran aikin.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin direbanta ya gane abin da ke gabansa ya kai ƙafa kan birki ya riga ya ci mita 30 zuwa 40, sannan motar ta fara neman wurin tsayawa. Ka ga kenan jar alamar nan mai kusurwa uku idan aka jingina ta a bayan bamba ba ta tsare kowa ba. Dokar hanya ta Birtaniya ta ce a ajiye ta aƙalla mita 45 daga motar. A hanyar da ake gudu sosai ni ina cewa a kai mita 100, kuma idan hatsarin a kwana yake ko bayan tudu, a sa ta kafin kwanar, inda mai tahowa zai gani da sauran lokaci. Mai kai alamar ya bi ta gefen hanya yana fuskantar motoci, da dare kuma ya kunna fitilar wayarsa. Duk wanda zai iya tafiya ya bar kwalta gaba ɗaya, ya koma can gefe, bayan shingen ƙarfe idan akwai. Wurin da ya fi ko'ina haɗari shi ne tsakanin motoci biyun da suka yi karo, kuma nan ne mutane suka fi son tsayawa suna duba ɓarna. Na karɓi waɗanda suka fita daga hatsarin farko ko ƙwarzane babu, mota ta uku ta zo ta matse musu ƙafafu a nan.

Idan ƙaramin karo ne, ba wanda ya ji ciwo, motocin kuma suna tashi, ɗauki hotuna da sauri ku gyara su gefe. Idan akwai mummunan rauni ko mutuwa, a bar su yadda suke don masu bincike, sai fa idan barinsu zai jawo wani hatsarin.

Ka buɗe hanci da ido. Warin fetur yana nufin ba sigari, ba ashana, kuma a kori 'yan kallo nesa. Idan tankar mai ce ta faɗi, nesa sosai. Idan mota ta daki turken lantarki waya ta faɗo mata, na ciki su zauna a ciki, na waje kada su matso kusa da mita 10, domin ƙasar wurin kanta tana iya ɗaukar wuta. Motoci masu aiki da batir maimakon fetur suna da manyan wayoyi ruwan lemo, ba a taɓa su. Akwai kuma abin da ke ruɗa mutane ƙwarai: jakar iska idan ta fashe tana tayar da farar ƙura mai kama da hayaƙi, lagireto da ya fashe kuma yana tururi. Sai a ɗauka wuta ce, a shiga fizgo mutane. Wutar gaske tana da harshe ko baƙin hayaƙi mai warin roba, kuma mota ba kasafai take tarwatsewa nan take yadda ake nunawa a fim ba.

Sai kira. Lambar 112 tana aiki a ƙasashe da yawa, har da duk na Tarayyar Turai, a Amurka kuma 911 ce; ka san ta ƙasar da kake, ka adana ta a waya tun yau. Idan akwai taro, kada ka ce "a kira motar asibiti", kowa zai zaci wani ya kira. Nuna mutum guda da yatsa ka ce "kai mai farar riga, kira, ka dawo ka gaya mini abin da suka ce". A faɗa musu wurin da wata alama da za su gane, ɓangaren hanyar, motoci nawa, masu rauni nawa, ko akwai wanda ya maƙale, ko akwai wuta.

Wanda ya yi shiru ka fara zuwa wajensa

Mai ihu yana numfashi, kuma jini yana kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Zuciya wajensa take jan mutum, amma wanda ya yi tsit shi ne ke bakin ajali. Zagaya da sauri ka ƙirga mutane, ka tambayi mai iya magana su nawa ne a motar. Duba cikin ciyawa da kwalbati, ƙarƙashin mota, da ƙasan kujeru idan akwai yara. Wanda bai ɗaura bel ba, da mai babur, karo yana iya wurga su nesa da inda ake zato.

In ka iske wanda ba ya motsi, yi masa magana da ƙarfi, daddaɓa kafaɗarsa, ka kalli ƙirjinsa na daƙiƙa 10 ko yana hawa da sauka. Ka kasa kunne. Minshari a bakin wanda ya suma ba barci ba ne, harshe ne ya koma baya ya rufe maƙogwaro. Ƙarar gargara kuwa jini ne ko amai. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 ba iska, ba motar asibitin da za ta iso a cikin wannan lokacin, saboda haka aikin naka ne. Idan a kwance yake, durƙusa saitin kansa, sa yatsunka a bayan kusurwar muƙamuƙi, can ƙasan kunnuwa biyu, ka turo haɓar sama har haƙoran ƙasa su wuce na sama. Sau da yawa a nan take za ka ji minsharin ya yanke, iska ta shiga da wani dogon ja. Idan a kujera yake kansa ya rataya a ƙirji, tallafe kan da hannu biyu ka ɗago shi a hankali har fuskarsa ta kalli gaba, ka riƙe a haka. Ka kiyaye kada ka sa naka kan tsakaninsa da sitiyari, don jakar iskar da ba ta fashe ba tana iya fashewa daga baya. In duk wannan bai buɗe hanyar ba, ɗan karkatar da kan baya; samun numfashi ya fi kiyaye ƙashin wuya muhimmanci. Mai amai a juya shi kan gefensa, kai da gangar jiki tare, domin aman ya zubo waje.

Idan ba numfashi sam, a fito da shi a kwantar a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya ya riƙa hura iska biyu bayan kowane danni 30. Gaskiyar magana, zuciyar da ta tsaya saboda zubar jini ba kasafai danni kaɗai ke dawo da ita ba. Duk da haka a yi, domin wani lokaci bugun zuciya ne ya kama direban kafin motar ta ƙwace, kuma irin wannan ana ceto shi.

Abu ɗaya ne ke shiga gaban numfashi: jinin da ke tsartuwa ko yake kwarara yana taruwa a ƙasa. Baligi jininsa kusan lita 5 ne, idan ya rasa 2 ransa yana cikin haɗari, kuma babbar jijiyar cinya idan ta tsinke mintuna kaɗan sun isa. Ba a buƙatar kayan asibiti. Cire rigarka ko ka karɓi mayafi, dunƙule, ɗora daidai inda jinin ke fitowa, ka miƙe hannuwanka ka sauke nauyin jikinka a kai. Idan babu safar hannu, zura hannunka a leda. Zai yi ihu, ka ba shi haƙuri ka ci gaba. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗagawa a leƙa ko ya tsaya. Kowane leƙe yana wargaza daskarewar da ta fara. Minti 10 cif ba ɗagawa, in tsumman ya jiƙe a ƙara wani a kansa. Rauni mai zurfi a cusa masa tsumma har ciki sannan a danna. Gilashi ko ƙarfen da ya nutse a jiki a bar shi, a danna gefe da gefensa, domin sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar. Kada a zuba komai a rauni, ko ƙasa, ko man inji, ko wani gari. Wahala kawai suke ƙara wa mai wankewa, su kuma sa raunin ya ruɓe.

Idan a hannu ne ko ƙafa kuma danni ya gaza, ko gaɓar ta guntule, a ɗaure. Nemi ƙyalle mai faɗin santimita 5, zagaya shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, ƙulla, sa sanda mai ƙwari ko sifana a ƙullin ka murɗa har jinin ya tsaya cak, sannan ka ɗaure sandar. Rubuta lokacin, ko a fatarsa ne da biro, kuma kada a sassauta sai a asibiti. Igiya ko waya ba sa yi, yanka nama suke. Mutane suna tsoron a rasa ƙafar, alhali ɗaurin da bai wuce awa 2 ba da wuya ya jawo haka. Bayan nan a lulluɓe shi, ko da ana zafi, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau.

Batun ruwan sha: kada a ba shi, komai roƙonsa. Ƙishirwa mai tsanani bayan hatsari alama ce ta zubar jini, ruwan baki kuma ba ya maye gurbinsa. Wanda hankalinsa ke gushewa zai iya shaƙewa, kuma idan tiyata ta kama, abin da ke cikinsa yana iya komawa huhu lokacin da aka sa shi barci. A jiƙa masa leɓe kawai. Amma ka kwantar da hankalinka, ruwan da ƙanenka ya sha ba shi ya tara masa jini a kai ba. Inda ruwa ke da amfani shi ne ƙuna: a yi ta kwarara mai sanyi a kai har minti 20.

Ciro mutum daga mota

Nan ne kyakkyawar niyya ta fi yin ɓarna. Laka tana ratsa ƙasusuwan wuya da na baya kamar zaren da ya ratsa 'ya'yan carbi. Karo yana iya tsaga ƙashi ɗaya ya bar lakar lafiya, mutum yana jin ƙafafunsa, yana motsa su. Sai jama'a su taru, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai yana lilo, a ninke shi a kujerar baya. Kafin a iso wajenmu ƙashin ya goce ya datse lakar, kuma lakar da ta yanke ba ta haɗuwa. Ba abin da ke ci mini rai kamar in tambayi 'yan rakiya su ce, "Ai da muka ciro shi yana motsa ƙafafunsa."

Don haka wanda yake numfashi, jininsa ya tsaya, wurin kuma an tsare shi, a bar shi inda yake. Mutum guda ya zauna kusa da shi ya tallafe kansa, ya riƙa yi masa magana, ya hana shi waige-waige. Wanda hankalinsa ke jikinsa kuma yake jin zai iya fitowa da kansa, a bar shi ya fito a hankali. Ciwo zai hana shi motsin da zai cutar da shi fiye da yadda hannayen mutane za su kiyaye. Dalilan ciro mutum da gaggawa ƙalilan ne: wuta, mota tana nutsewa a ruwa, motocin da aka kasa tsayarwa, rashin numfashi, ko jinin da ba a iya kai hannu gare shi a ciki. Wanda ƙarfe ya matse kada a fizge shi, a jira masu kayan yanka. Mai babur a bar masa hular kwanonsa, a ɗaga gilashinta kawai, sai idan tana hana numfashi ko yana amai. A nan mutum biyu za su cire, ɗaya yana riƙe da wuya.

Na san akwai wurare da yawa a duniya da jiran motar asibiti bai da ranar ƙarewa, kuma ba zan ce a zauna ana kallon mutum yana tsiyayewa ba. Idan ɗauka ta zama dole, a yi ta da tsari. Mutum huɗu aƙalla, na wajen kai shi ne mai umarni, ba mai motsi sai ya ƙirga. A nemi abu mai faɗi da tauri, katako ko ƙyauren ƙofa, a mirgina shi a kai, kai da kafaɗa da ƙugu su juya lokaci guda. A naɗe tufafi a tokare kan ta gefe biyu. Ƙafar da ta karye a ɗaure ta da lafiyayyar. Idan yana kukan ƙugu, a zagaya zane a ƙugun daidai saman cinyoyi a ɗaure tamau, domin karayar ƙugu tana iya zubar da jini mai yawa a ciki ba a gani. A sa shi a motar da zai miƙe sosai, bayan a-kori-kura ko bas, wani ya zauna yana lura da numfashinsa, direba kuma ya yi tuƙin natsuwa.

Asibitin da za a nufa shi ma abin dubawa ne. Wani likitan tiyata na Amurka, R Adams Cowley, wanda ya kafa cibiyar kula da masu munanan raunuka a Baltimo, shi ya yaɗa maganar cewa awa ta farko ita ce mafi daraja. Ba wai minti 60 cif ba ne ga kowa, wani mintuna gare shi, wani sa'o'i, amma ma'anar ta tabbata: mai zubar jini a ciki ɗakin tiyata yake buƙata. Akwai kuma wata allura mai rage zubar jini, taranekzamik asid, wadda wani babban gwaji da aka wallafa a 2010, a kan sama da mutum 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna tana rage mutuwa, kuma amfaninta a cikin awa 3 na farko yake. A ganina, ga mai mummunan rauni, asibitin da ke da likitan tiyata da ma'ajiyar jini ya fi ƙaramin asibiti na kusa, ko da za a ƙara tafiyar minti 20. Sai fa idan numfashi ne ke gagara, a nan mafi kusa za a fara tsayawa.

"Ba abin da ya same ni"

Mu dawo kan ƙanenka. Ban ga hoton kansa ba, don haka bayanin gama-gari zan yi maka, likitan da ya yi masa aiki shi zai faɗa maka takamaiman nasa. Ƙashin gefen kai, saitin kunne zuwa ido, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a manne da shi ta ciki. Karo ta gefe daidai nan yake haɗa kai da gilashin ƙofa. Idan jijiya ta fashe, jinin ba shi da mafita, domin ƙoƙon kai rufaffe ne. Da farko ɗan kaɗan ne, mutum yana magana, yana tafiya, har yana raba faɗa. A hankali yake taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, sai ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, magana ta rikice, barci mai nauyi ya biyo. Kun kai shi a lokacin da ake iya cirewa, wannan kuma ku kuka yi.

Haka ciki yake. Saifa da hanta suna iya tsagewa su yi ta ɗiga a ɓoye. Na sha ganin wanda ya rako wani asibiti, shi ne mai yankar kati, shi ne mai kiran 'yan'uwa a waya, sai ka lura goshinsa ya yi gumi mai sanyi, ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka ga ta yi fari fat, ka taɓa wuyan hannunsa ka ji bugun yana sauri amma siriri. Ka ɗaga rigarsa, ga shatin bel ya ratsa cikinsa. Shi ne mai shiga tiyata kafin wanda ya rako.

Akwai waɗanda dole likita ya gan su ranar, ko me suka ce: wanda ya suma ko na daƙiƙa kaɗan ne, wanda ya kasa tuna yadda abin ya faru, wanda ya yi amai, mai shatin bel a ciki ko ƙirji, mai shekara 65 zuwa sama, mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ƙananan yara, da duk wanda motarsa ta wuntsila, ko ta wurgo shi waje, ko aka rasa rai a cikinta. Haka mai tafiya a ƙasa ko mai babur da mota ta buge. Mai juna biyu ta je ko da ba ta jin komai, domin mabiyiya tana iya ɓantarewa daga mahaifa ba tare da jini ya fito ba. Kafin a isa ta karkata ɓangaren hagu.

Wanda aka sallama, ko wanda karonsa ƙarami ne, kada ya kwana shi kaɗai a awa 24 zuwa 48 na farko. Yana iya barci, amma a riƙa leƙa shi, a tabbatar yana farkawa ya gane mutane. A koma asibiti nan take idan ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai, ko ruɗewa, ko farfaɗiya, ko gani biyu-biyu, ko sanyin ɓari guda na jiki, ko ruwa ko jini daga kunne ko hanci, ko ciwon ciki, ko ciwon kafaɗar hagu da ba a buge ba, ko jini a fitsari, ko numfashi sama-sama. Don ciwo a sha farasitamol. A guji asfirin da ibufurofen da dikilofenak har sai likita ya amince, saboda suna ƙara zubar jini, a kuma guji maganin barci. Tsofaffi a sa musu ido har makonni, don nasu jinin yana iya taruwa sannu a hankali, sai a ga mantuwa da tangaɗi a zaci tsufa ne.

Mota da takardu

Sai an gama da mutane ake zuwa nan. Ɗauki hotuna daga nesa da kusa: yadda motocin suka tsaya, lambobinsu, shatin taya a kwalta, alamun hanya. Ku karɓi sunan juna, lambar waya, lasisi da takardar inshora, ka kuma nemi lambar shaida ɗaya ko biyu kafin su watse. Tambayi ɗaya direban lafiyarsa, wannan mutunci ne, amma kada ka ɗauki laifi kada kuma ka ɗora, domin a wannan lokacin ba wanda ya ga abin gaba ɗayansa. Ga 'yan sanda ka faɗi abin da ka gani kawai. Kada ka sa hannu a takardar sasanci kafin likita ya duba kowa. Sanar da kamfanin inshorarka da wuri, yawancinsu suna da wa'adi, ka kuma adana duk takardun asibiti. Idan taro ya fusata har kana tsoron ranka, nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye ka ba da rahoto, ka sa a kai wa masu rauni ɗauki. Dokokin wannan fanni sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma fagen lauya ne. Inda aka ji mummunan rauni ko aka rasa rai, a nemi lauya tun da wuri.

Haka kuma karatu ba ya maye gurbin koyo da hannu. Ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent suna koyar da taimakon farko a kusan kowace ƙasa, kuma danna ƙirji da buɗe hanyar numfashi sai an gwada a gaban malami suke zama a hannu. A motarka ka ajiye alamar gargaɗi, tukunyar kashe gobara, safar hannu, bandeji masu faɗi, almakashin yanka bel, tocila da bargo, a inda hannu zai kai, ba can ƙarƙashin kaya ba.

Kwanakin bayan hatsari su ma suna da nasu. Sanƙarewar wuya da ciwon jiki sukan bayyana washegari, su lafa cikin makonni. Motsi a hankali ya fi kwanciya. Rashin barci, mafarkin karon, faɗuwar gaba idan aka ji ƙarar birki, tsoron komawa sitiyari, duk ana samunsu a makonnin farko, ga direba da fasinja har da wanda ya taimaka. Idan suka wuce wata guda ba su ragu ba, ko suka hana mutum aikinsa, ya ga likita ya faɗa masa a fili, akwai magani da hanyoyin shawo kansu.